Hedimasta da Hannu Wofi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Kowace shekara in mun haɗu, zancen makarantarmu ta sakandare muke yi: rufin ɗakin kwana, ɗakin karatu, rijiyar burtsatse. Wannan daidai ne. Amma yau ina neman izini in mai da hankalinmu baya kaɗan, zuwa firamare, domin babu ɗayanmu da ya shigo aji ɗaya na sakandare sai da wani hedimasta ya sa hannu a takardarsa.

Masu shekaru a cikinmu za su tuna 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilmin firamare kyauta. Yara suka yi ta kwarara fiye da lissafin da aka yi, azuzuwa da malamai suka kasa. A 1988 aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta, a 1993 aka sake maido da ita. Sai kuma shirin UBE a 1999, da dokarsa ta 2004. Duk wannan sauye-sauye a kan mutum ɗaya yake ƙarewa, wato hedimasta.

Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta karɓi kuɗin gine-gine. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jihar da ba ta ajiye ba, kuɗinta sai ya yi ta kwana a Abuja, alhali yara na zaune a ƙasa. Albashin malamai kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita, shi ya sa in aka sami tangarɗa a can, malamin firamare ne farkon mai ji a jikinsa.

To, ku dubi aikin hedimasta. An hana shi karɓar kuɗin makaranta, kuma hanin yana da kyau, amma a wurare da yawa ba a ba shi kuɗin gudanarwa a madadinsa ba. Alli, rajista, tsintsiya, gyaran benci, duk shi ake kallo. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35, amma wane ne a nan bai taɓa leƙa ajin da ya ninka haka ba? In malami ya yi ritaya ba a kawo wani ba, hedimasta ne zai ɗauki alli ya shiga aji. Ya fito ya cika takardun ofishin Sakataren Ilmi, ya bi gida-gida neman yaran da aka ɗora wa talla ko aka tura gona, ya sasanta iyaye, in iska ta yaye kwano ya nemi kafinta bashi. Sa'an nan in yaro ya gama aji shida bai iya karatu ba, mu ce hedimasta ya gaza.

Malamanmu da ke zaune a nan shaida ne: yaron da ya zo sakandare bai iya haɗa baƙi ba, shekara shida ba ta cika gyara shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowannenmu ya ziyarci firamarensa kafin taro mai zuwa, ya zauna da hedimasta, ya tambaye shi abin da ya fi buƙata. Na biyu, wanda yake kusa da gida ya shiga kwamitin kula da makaranta na unguwarsu. Na uku, 'yan'uwanmu da ke majalisa da ma'aikatu su riƙa tambaya: shin jiharmu ta biya kasonta na bana?

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.