Jirgin Ƙasa Da Damina: Darasi Daga Majalisar Tsofaffin Tasha

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Ƙauran Namoda mazauna birane)



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. Takardar gayyatar da ta iso mini ta ce in yi bayani a kan halin da gida yake ciki. Na daɗe ina tunanin ta inda zan ɓullo wa al'amarin, domin ni abin da na sani shi ne allo da alli da rajistar yara. Daga ƙarshe na yanke shawarar in kawo muku hirar wata majalisa da nake zama a cikinta tun da na ajiye aiki, domin a can na fi jin gaskiyar halin da garinmu yake ciki.

Majalisar Tasha

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san unguwar tashar jirgi. A gindin wata darbejiya da ke kusa da dogo, kullum bayan la'asar, wasu dattawa kan shimfiɗa tabarmi. A cikinsu akwai tsohon direban jirgi, da wanda ya yi shekaru yana sayar da tikiti, da tsofaffin leburorin dogo, da wani da ya ci ƙuruciyarsa yana dakon buhunan gyaɗa zuwa taragu. Akwai kuma irina, waɗanda ba mu taɓa cin albashin reluwe ba, son jirgi kawai ya kai mu. A 'yan shekarun nan wasu samari sun shigo cikinmu, suna nuna mana hotunan sababbin jirage a wayoyinsu.

Mutanen nan ba su gajiya da zancen jirgi. Sukan yi gardama a kan wane kan jirgi ya fi ƙarfin jan kaya, tsakanin mai kwal da mai gas. Sukan lissafa tashoshi daga Zariya zuwa Funtuwa, zuwa Tsafe, zuwa Gusau, har a iso gida, kamar yadda yara kan haddace jadawalin lissafi. Tsohon direban nan ya ce a da, da jin usur kawai, matarsa takan gane ko shi ne ya jawo jirgin ko waninsa, ta ɗora tukunya.

Amma na lura da wani abu. Da zarar zafin bazara ya kai matuƙa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai hirar ta juya. Wanda ya iso, kafin ya zauna sai a tambaye shi, "Yaya ruwa a wajenku?" Ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Daga nan sai zancen wanda ya yi binne, da wanda ya jira ƙasa ta jiƙu sosai kafin ya yi shuka, da wanda geronsa ya tsira, da wanda tsuntsaye suka tone masa iri. Daga watan Yuni har zuwa Satumba, da wuya a yi zancen jirgi na rabin sa'a ba a koma gona ba.

Wata rana na tsokane su na ce, "Ai sai mu sake wa majalisar nan suna, mu kira ta majalisar manoma." Tsohon direban ya dube ni ya ce, "Haba Malam, kai da ka koyar da tarihi! Shi jirgin me ya zo ɗauka a garin nan?" Wannan tambaya ita ce jigon jawabina na yau.

Abin Da Ya Kawo Dogo

Dogo ya isa Kano a shekarar 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Turawan mulkin mallaka sun sa rai da auduga ne, domin masaƙun Ingila suna buƙatarta. Amma manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ba ta da wahala kamar auduga, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta a gida. Cikin ɗan lokaci gyaɗa ta cika tashar Kano. Daga wannan ciniki aka sami dalar gyaɗa, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Ganin haka aka miƙa rassa zuwa wuraren da ake noma sosai. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma aka kammala shi a 1930. A nan dogon ya tsaya. Saboda haka duk gyaɗa da auduga da fatun da suka fito daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, har daga wajen Shinkafi da Zurmi, a nan ake tara su, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a kan manyan motoci. Kamfanoni suka buɗe kantuna, baƙi daga kudu suka zo suka zauna, garin ya buɗe.

Ina ɗan firamare a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Nijeriya take kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Na ga yadda aikin tasha yake bin aikin gona sau da ƙafa. Da damina tashar takan yi sanyi, domin 'yan dako duk sun koma gona. Masu aiki tuƙuru a lokacin su ne leburorin dogo. In an yi ruwa mai ƙarfi cikin marka, da asuba za su bi layi da ƙafa, suna duba inda ruwa ya zaizaye tsakuwa ko ya ci gindin gada, domin kada jirgi ya zo ya tarar da rami. Ɗayansu ya gaya mini cewa sun fi manomi kallon sama: manomi yana roƙon ruwa, su kuma suna roƙon ya zo da sauƙi. Da kaka kuwa, in an cire gyaɗa an ɓare, sai tashar ta cika. Ga sikeli, ga 'yan baranda, ga buhuna an jera sun fi tsayin soro. A lokacin ake ɗaura aure, ake biyan haraji, ake ɗinka wa yara tufafin makaranta. Kuɗin littafina na farko daga gyaɗar mahaifiyata ya fito.

Yadda Tashar Ta Yi Shiru

Da yawa daga cikinmu sukan ce sakacin hukuma ne kaɗai ya kashe jirgi. Akwai wannan, kuma manyan motoci sun ƙwace masa kaya da aka shimfiɗa kwalta. Amma dattawan majalisa, da suka ga abin da idonsu, sukan ce gona ce ta fara durƙushewa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfani ya kashe dabbobi. Kafin a farfaɗo, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa. Manoma da yawa suka ji tsoro suka bar gyaɗa. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, samari suka kama hanyar birni, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Taragun da suka saba tafiya cike suka riƙa komawa wayam. Jirgin da ba shi da kaya ba ya iya biyan kuɗin mansa, balle gyaran dogonsa.

Daminar Yau

To, me ake cewa a majalisa game da daminar wannan zamani? Abu na farko, ruwa ya daina cika alkawari. Dama ruwan shekararmu duka cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka, saboda haka ko mako biyu ya ɗauke bayan shuka, an shiga uku. A daminar da ta wuce, sau biyu na yi shuka a 'yar gonata ta bayan gari. Ta farko ta tsiro kyawawa, ruwa ya ɗauke, rana ta cinye ta. Wani lokaci kuma sai ya sauko gaba ɗaya a watan Agusta, gulbin Gagare ya cika ya tumbatsa, gonakin fadama su nutse, katangun ƙasa su zube.

Abu na biyu, tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin kai buhu kasuwa ya yi tashin gwauron zabo, haka ma taki da maganin feshi. Ga tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, ga wuta-wuta a gonakin da ƙasarsu ta gaji.

Abu na uku shi ne mafi ɗaci, kuma ba sai na ɓoye muku ba: rashin tsaro. Gonaki masu kyau da ke nesa da gari sun koma saura, domin mai su ba ya iya zuwa. Akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga kafin a yi noma, a sake biya kafin a yi girbi. Tsohon ɗan dakon nan na majalisarmu yana da gona mai ba shi dami sama da ɗari a da. Shekara huɗu ke nan bai taka ta ba. Yanzu a gefen dogo yake shuka kuɓewa da wake, a tsakanin ƙarafan da ya yi wa hidima.

Duk da haka, kada ku ɗauka majalisar ta makoki ce. Ranar da aka fara kawo tumu, sai a hura wuta a gasa, kowa ya manta da tsufansa. In masara ta nuna, ko aka sami ɗanyar gyaɗa aka dafa, wanda ya kawo sai ya sha kirari. Mutanenmu ba su saki fartanya ba.

Jirgin Da Muke Jira

Samarin majalisa sukan kawo mana labarin sababbin layuka: na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Waɗannan duka masu faɗi ne, milimita 1,435 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, namu kuwa tsohon yayi ne mai milimita 1,067, jirgin wancan ba ya hawa wannan. Babu shekarar da ba mu roƙi a gyara mana namu ba, kuma ya kamata mu ci gaba da roƙo. Amma mu tambayi kanmu: in jirgin ya iso gobe da taragu ashirin, me za mu zuba masa?

Shawarwari

Na farko, ku da kuke birni kuna da bakin da za a ji. Duk inda kuka sami shiga, maganar tsaron manomi a gonarsa ta zama ita ce ta farko, kafin ta dogo, kafin ta kwalta.

Na biyu, taimakon da kuke aikowa gida ya riƙa zuwa a kan kari. Yawancinku sai da salla kuke tunawa da mu. Manomi kuwa a watan Afrilu da Mayu yake neman iri da taki. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, ta fitar da irin gyaɗa masu jure kuturta, masu nuna da wuri, kamar SAMNUT 24. Asusu kaɗan daga wannan ƙungiya zai iya kawo irin nan, a ba manoma rance su mayar da kaka.

Na uku, lokacin da muke Kwalejin Horar da Malamai an koya mana ajiye ma'aunin ruwan sama a makaranta, yara su auna su rubuta kowace safiya. Na yi haka shekaru a makarantun da na shugabanta. Abin ba shi da tsada. A mayar da shi makarantunmu, a haɗa da hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, a fassara wa manoma da Hausa.

Na huɗu, mu adana tarihin tashar. A ƙasar Wales masu son jirgi ne suka ceci layin Talyllyn da aikin sa kai a 1951, a Legas kuma an mayar da gidan Jaekel da ke Ebute Metta ɗan gidan tarihin reluwe. Mu ba mu buƙatar mai yawa. Ɗalibanmu su zauna da dattawan nan su ɗauki muryarsu, a tattara hotuna da tsofaffin tikiti, a kuma tsawata wa masu kwance ƙarafan dogo suna sayarwa. Tun da na fara zama a majalisar, mutum uku muka rasa, kowa ya tafi da abin da ya sani.

Kammalawa

'Yan'uwa, masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yawancin waɗanda ke zaune a zauren nan, gyaɗa da gero ne suka biya kuɗin karatunsu, wasu kuma a jirgin nan suka fara fita neman ilimi da ɗan akwatin ƙarfe a ka. In kun zo gida a damina mai zuwa, ku ratso ta tasha bayan la'asar. Akwai wuri a tabarma. Ku zo da shirin amsa tambaya, domin kafin a tambaye ku labarin birni za a tambaye ku ko kun yi shuka bana.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.