Ƙuna da Ƙwayoyin da Ba Sa Jin Magani

Ga hunturu ya shigo, lokacin da masu ƙuna kan yi yawa ke nan. Yaro ya faɗa wutar jin ɗumi. Mai turara shinkafa a Birnin Kebbi, tafasasshen ruwa ya kife mata a ƙafa. Mai bandar kifi a Argungu, wuta ta kama masa riga.

Kun san ganuwar da Kanta ya gina a Surame. To, fatar mutum ita ce ganuwarsa. In wuta ta ci fata, ganuwa ta rushe, ƙwayoyin cuta sai su shiga. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Akwai wata da ake kira Sitafilokokus, tana zaune a fatarmu da cikin hancinmu. Akwai Sudomonas, mai son laima, ita ce kan mai da ruwan miki kore-kore.

A 1928 wani likita a London, Alexander Fleming, ya gano fenisilin. Da aka fara allurarsa, Sitafilokokus ba ta iya tsaya masa ba. Amma a 1945 shi da kansa ya yi gargaɗi cewa in ana shan abin da bai kai ƙima ba, ƙwayoyin za su saba da shi. Haka kuwa aka yi. Yau yawancinsu ba sa jin fenisilin. Masana sun ƙiyasta a 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum fiye da miliyan ɗaya a duniya, kuma abin ya fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Da hannunmu a ciki. Mukan sayi kafso biyu wurin mai talla a kasuwa, mu sha, mu ji dama-dama, mu bari. Raunanan ƙwayoyi sun mutu, masu taurin kai sun saura, sun hayayyafa. Wasunmu ma har fasa kafso muke yi mu barbaɗa a miki. Ran da ɗanmu ya ƙone aka kwantar da shi, sai a yi allura miki ya ƙi. A sake wata, ya ƙi. Maganin da ya rage tsada gare shi, sai an sayar da akuya ko buhun shinkafa.

In wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko toka, balle kashin shanu. A rufe da tsumma wankakke, a kai shi Asibitin Sir Yahaya ko Babban Asibitin Argungu, ko wanda ya fi kusa.

Sai maganar dubiya. Mun san zumunci ne, ba mu hana ba. Amma a ɗakin masu ƙuna, ko a wace ƙasa, hannu ne jakin ƙwayoyin nan, shi ke ɗaukarsu daga gado zuwa gado. A shiga ɗaya-ɗaya. A wanke hannu da sabulu, shiga da fita. Kada a ɗaga bandeji don a ga miki.

In kuwa likita ya ɗebi ruwan mikin ya aika ɗakin awo, ku yi haƙuri. Kwana biyu ko uku ake yi kafin a san maganin da ƙwayar ke ji. In an rubuta na kwana bakwai, a sha na kwana bakwai.