Cin Abinci Kwano Ɗaya Da Mai HIV: Ana Ɗauka Ko Ba A Ɗauka?



Yau zan taɓo tambayar da mutane da yawa ke jin nauyin yi a fili: idan na sa hannu a kwano ɗaya da mai ɗauke da HIV, ko na sha ruwa da kofinsa, ko na yi amfani da cokalinsa, zan kamu?

Amsa ita ce a'a. Bari in faɗa muku dalili, don kada ku ce ra'ayina ne kawai.

Ƙwayar HIV tana da hanyoyinta sanannu: jini, maniyyi, ruwan gaban mace, ruwan dubura da kuma nonon uwa. Kuma sai ɗaya daga cikinsu ya samu ƙofar shiga jikin wani, kamar ta saduwa ba kariya, ko allurar da aka yi wa wani, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko daga uwa zuwa jariri. Yawu baya cikin wannan jerin, haka gumi da hawaye. Ƙwayar da ake samu a yawu 'yar kaɗan ce, kuma shi kansa yawun yana da sinadaran da ke raunana ta. Sannan da zarar ta bar jikin mutum ba ta da wani ƙarko. Balle a ce an dafa abinci ko an wanke kwano da sabulu.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 1986 likitoci a birnin New York na Amurka suka fitar da sakamakon bincike kan mutum 101 da ke zaune gida ɗaya da masu cutar. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, banɗaki ɗaya, wata da watanni. Mutum ɗaya kacal aka samu da ƙwayar, ƙaramar yarinya, ita ma alamu sun nuna daga mahaifiyarta ta ɗauko tun haihuwa. Ku tuna fa, a lokacin babu magungunan da muke da su yau.

To amma akwai wuri ɗaya da nake so ku buɗe kunne, musamman iyaye mata da masu raino. Tauna wa jariri abinci a baki sannan a ba shi. A Amurka an samu yara ƙalilan da suka kamu ta haka. Abin da ya faru shi ne mai taunawar tana ɗauke da ƙwayar kuma dasashinta na zubar da jini ko tana da gyambo a baki, shi kuma jaririn yana haƙora, dasashinsa a buɗe. Kun ga ashe jini ne ya yi aikin. Don haka mai HIV kada ta tauna wa yaro abinci, a dame masa ko a murƙushe da cokali.

Abin da ke ba ni mamaki, sai ka ga mutum ya ƙi cin tuwo da ɗan'uwansa, amma ya miƙa kansa ga askar da aka yi wa mutum biyar aski da ita ba a tsaftace ba, ko ya miƙa yatsunsa ga mai yankan farce a bakin kasuwa. Malam, can ne jini yake. Reza, allura, buroshin haƙori, kowa ya riƙe nasa.

Kuma wanke hannu kafin cin abinci yana nan daram. Taifot da kwalara ta abinci da ruwa suke bi, su ne abin tsoro a kwano.

Me ya sa na damu da wannan magana? Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a ƙasar. Waɗannan 'yan'uwanmu ne, abokan karatunmu ne. Mu kuma mutane ne da cin abinci tare shi ne zumunci. Ranar da aka ware wa mutum kwanonsa da kofinsa, an gaya masa ba ya cikinmu ke nan, ko da ba a furta ba. Wanda ya ga an yi wa wani haka, kuna ganin zai je gwaji? Zai ɓoye, ya ƙi karɓar magani, ciwon ya ci shi, wataƙila ya sa wa matarsa bai sani ba. Alhali mai shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ko ta hanyar saduwa ba ya yaɗa ta. Najeriya ma tana da dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu HIV wariya.

Idan kuma ka yi mu'amalar da ke da haɗari na gaske, garzaya asibiti kafin awa 72 su cika. Akwai maganin kariyar gaggawa da ake kira PEP, ana shan sa kwana 28.

Saboda haka ku ci tare, ku sha tare, ku je ku yi gwaji ku san matsayinku. Ku tura wa wanda kuka san yana buƙatar jin wannan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.