Shirya Fim a Lokacin Annoba: Haɗarin Yana Bayan Kamara

Iyayenmu sarakuna, malamai, ma'aikatan lafiya, iyaye mata da matasan Getso, da baƙinmu na Gwarzo da Kabo, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan yadda za a ci gaba da shirya fina-finai da shirye-shiryen talabijin a lokacin annoba ba tare da an jefa rayuka cikin haɗari ba. Wani zai ce ai korona ta wuce, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta ranar 5 ga Mayu, 2023. Gaskiya ne. Amma a shekarar 2023 ɗin ce mashaƙo ya addabi Jihar Kano, kuma dattawan da ke nan ba su manta da sanƙarau na 1996 ba. Cututtukan da ke bin numfashi ba su yi bankwana da mu ba.

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020. Ranar 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kulle jihar, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu. Kannywood ta tsaya cak. Manyan jarumai suna da abin da za su lallaɓa da shi, amma mai riƙe fitila da mai kwalliya da direba da mai dafa abinci sai an fita lokeshin suke samun na cefane. Abin mamaki, a lokacin ne kasuwar kallo ta buɗe. Jama'a na zaune a gida, waya a hannu. A shekarar ce Labarina na Aminu Saira ya fara fita a Arewa24, Izzar So na Lawan Ahmad kuma ya karɓu a YouTube. Ga masu kallo suna jira, ga ma'aikata da yunwa, don haka babu dokar da za ta daɗe tana hana fita aiki.

A ƙasashen waje da kuɗi aka tunkari matsalar. A Atlanta ta Amurka, Tyler Perry ya killace ma'aikatansa a harabar kamfaninsa, nan suke ci, nan suke kwana, ana yi musu gwaji a kai a kai. Gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 500 don ta tsaya wa masu shirya fim, saboda kamfanonin inshora sun ƙi ɗaukar asarar korona. Duk da haka sai da aka dakatar da ɗaukar The Batman a Satumbar 2020, bayan cutar ta ɓulla a cikin masu aikin. Furodusan da ke haɗa kuɗin fim da bashi a titin gidan Zoo na Kano ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ɓata lokaci ne a ce ya kwaikwaya.

Sai dai muna da sauƙin da su ba su da shi. Babban ciwon kansu shi ne runguma da sumba a gaban kamara, har BBC ta riƙa sa gilashi tsakanin masu wasa a shirin EastEnders. Mu kuwa al'ada da addini, da ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, sun riga sun raba jikin namiji da na mace a fim.

Namu haɗarin yana bayan kamara. Yana cikin bas ɗin da ake cusa ma'aikata da kayan aiki, an rufe tagogi saboda ƙura. Yana ɗakin masauki da samari ke kwana a jere, da tiren shinkafar da hannaye ke haɗuwa a ciki, da soson hodar da ke bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, da makirufon ɗakin ɗaukar waƙa inda iska ba ta shiga. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin gwaji ba. A ƙara mota, a buɗe taga, kowa da kwanonsa da kayan kwalliyarsa, duk wanda ba ya gaban kamara ya sa takunkumi, a yi rigakafi idan akwai. Marubuci ma da nasa aikin: ya rage fitowar biki da kasuwa da rawar gayya, ya fito da hira daga falo zuwa tsakar gida ko gindin bishiya. Ni a ganina labari ma zai fi armashi, domin mun gaji da falon masu kuɗi.

Amma duk wannan rushewa zai yi idan ba a magance abu guda ba. Ma'aikacin da ya san in ya ce yana zazzaɓi za a sallame shi babu ko sisi, ba zai faɗa ba. Zai haɗiyi farasitamol ya shiga mota. Kada ku zarge shi, yana da iyali. Matuƙar faɗin gaskiya na nufin kwana da yunwa, na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa ado ce kawai. Dole furodusa ya sa kuɗin jinya a cikin kasafin fim tun daga farko, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN kuma ta buɗe asusun da za a riƙa zuba wani abu a ciki tun ana zaman lafiya.

Me ya shafi Getso a nan? 'Yan fim na yawan fita karkara neman gidan ƙasa da gona da fada. Su za su gama su koma birni kusa da manyan asibitoci, ku za a bari da tsofaffi da ƙananan yara. Kuma da an ji jarumi ya sauka, gari kan taru a kansa, kowa na son gaisawa da ɗaukar hoto.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu dagatai da masu unguwanni: idan ana cikin annoba baƙi suka zo neman izinin ɗaukar fim, ku tambayi yawansu, da inda za su kwana, da wanda ke kula da lafiyarsu, da abin da za su yi in wani ya kwanta. Ku sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, ku sa matasa su hana yara cunkoso a wurin. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, ku ba shi haƙuri ya dawo bayan an samu lafiya.