Fitilun Bayan Tirela: Daga Ina Ake Fara Bincike?

Shirinmu na yau na direbobin tirela ne da yaran mota, musamman masu tafiyar dare a hanyar Kaduna zuwa Kano. Tirelar da fitilunta na baya suka mutu, mai bin ta ba ya ankara sai ya zo dab da ita, lokacin kuwa birki ba ya ceto.

Idan fitilu suka ɗauke, kada a yi saurin yanke wayoyi. A fara raba gardama: laifin kan mota ne ko na bodi? A zare fulogin da ya haɗa su, mai baki bakwai, a sa fitilar gwaji a soket ɗin kan mota, wani ya taka birki, ya kunna sigina. In wuta ba ta zo ba, a duba fiyus. In ta zo, to matsalar tana baya.

A ƙa'ida, jar waya ta birki ce, rawaya ta siginar hagu, koriya ta dama. Farar kuwa ita ke mayar da wuta, ana ɗaure ta a jikin ƙarfe, kuma ita ta fi wahalar da mutane. Ka taka birki sigina ta kama dishi-dishi? Ka kunna sigina duk fitilun baya suna ƙyaftawa tare? Wuta ce ta rasa hanyar komawa, take ratsawa ta wasu ƙwayayen. Kwance notin farar wayar, ka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tamau. Bakin fulogi ma, in ya yi kore saboda ruwan damina, a goge shi.

Sigina mai saurin ƙyaftawa, galibi ƙwai ne ya mutu. Wajen saye a lura: yawancin manyan motocin Turai da wuta mai volt 24 suke aiki, ƙwan ƙaramar mota mai 12 nan take zai ƙone.

Fiyus kuma in ya sake ƙonewa, wata waya ce ta goge take taɓa ƙarfe. Malam direba, don Allah kada a cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa, ta haka gobara ke tashi.

Kafin a tashi daga tasha, yaron mota ya tsaya a baya, a gwada fitilu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya kiyaye hanya, sai mun haɗu a shiri na gaba.