Bununi Fure Ne: Lacca Kan Gero Da Danginsa

 

An nemi in yi magana a kan ciyayi da tsirrai masu fure. Fagen yana da faɗi, domin masana sun ƙidaya tsirrai masu fure kimanin iri 300,000 a duniya. Saboda haka zan tsaya a gonar da kowa a ɗakin nan ya sani, wato gonar gero.

Na sha tambayar ɗalibai su faɗa mini sunan tsiro mai fure. Sai a ce kuɓewa, a ce auduga, a ce wake. Ban taɓa jin wanda ya ce gero ba. Alhali duk ƙwayar da aka daka aka dama mana fura da ita, daga fure ta fito. Iyayenmu kuwa sun ga wannan furen, har suka raɗa masa suna. Idan manomi ya dawo gida ya ce gero ya yi bununi, labarin fure yake bayarwa.

Gero ɗan babban gida ne. Masana suna kiran dangin da Poaceae, kuma yana da iri fiye da 11,000. Dawa, masara, shinkafa, alkama, acca da iburu duk 'yan gidan ne. Haka rake, haka gora duk da tsayinta, haka gamba, kyasuwa, tofa da kiri-kiri da muke kira ciyawa kawai. Har ƙarangiyar da ke maƙale mana a wando, tun 2010 masana suka mayar da ita da gero ƙarƙashin suna guda, Cenchrus, saboda kusancin jininsu. Gane ɗan gidan ba wuya. Karansa gaɓa-gaɓa ne, gindin ganyensa ya naɗe karan kamar kube, jijiyoyin ganyen sun miƙe a jere, saiwarsa kuma tarin zare ce. Ku jiƙa wake, zai rabe biyu. Ku jiƙa gero, ba zai rabe ba. Aya tana kama da su, amma ku murza karanta a yatsa za ku ji kusurwa uku, domin ita 'yar wani gida ce.

Akwai wata baiwa da Allah Ya yi wa wannan dangi. Wurin da ganyen ciyawa yake girma yana gindinsa ne, can ƙasa. Shi ya sa shanu za su kiwace gamba, ko gobarar daji ta cinye ta, ruwa na sauka ta sake toho. Kiwon ƙasarmu gaba ɗaya a kan wannan ya dogara.

Mu koma ga fure. Aikin kowane fure shi ne haɗa namiji da mace. Akwai ɓangaren da ke fitar da garin bununi, akwai kuma ɓangaren da ke karɓarsa, ƙwaya ta ƙullu a cikinsa. Tsiro ba ya tafiya, don haka sai ya nemi ɗan aike. Kabewa da auduga suna aiken zuma, shi ya sa suke ado da launi da zaƙi. Kuka da ɗorawa suna buɗe furensu da dare, jemage ya zo. Gero kuwa iska yake aike, iska kuma ba ta neman ado ko lada. Sai furensa ya zama ƙanƙane, ba launi ba ƙanshi, amma da yawan gaske, ɗaruruwa a zangarniya guda.

A nan nake so mu ɗan daɗe. Idan gero ya yi ciki ya fitar da kai, ku duba zangarniyar da sassafe. Za ku fara ganin wasu fararen gasu masu laushi sun leƙo, daga sama suna gangarowa ƙasa. Wannan shi ne macen. Sai bayan kwana biyu ko uku namijin zai fito, mai lilo a kan siririn zare, wanda in ka girgiza shi gari ya tashi. Tun da macen ta riga namijin gidansu fitowa, yawanci bununin wata zangarniya take karɓa, sau da yawa ma na gonar maƙwabci. Dawa ba haka take ba. Mafi yawan ƙwayarta daga bununin kanta take samuwa, shi ya sa irin kaura ko farfara yake daɗewa a hannun manomi bai sauya ba.

Masara ta fi sauƙin nunawa. Namijinta yana can ƙoli, macen kuma ita ce goyon. Kowane zare na gemun masara yana kaiwa ga ƙwaya ɗaya tak. Zaren da bununi bai faɗa masa ba, gurbinsa giɓi zai zama. Wani likita Bajamushe mai suna Camerarius, a birnin Tübingen, ya tabbatar da haka a 1694: ya cire namijin masara, ya ga ƙwaya ta ƙi samuwa. Mai shuka masara layi ɗaya a bayan gida, ga dalilin giɓin da yake gani. A shuka ta a dunƙule, iska ta samu inda za ta sauke kayanta.

Wannan ilimi yana warware mana zancen shibra. Binciken tona ƙasa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali ya nuna cewa mutanen Sahel suna noma gero tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Daga geron daji suka zaɓo shi, geron dajin kuma har yau yana nan, yana barbara da na gona. Shibra jikar wannan haɗi ce. Tana ƙarama ba ka raba ta da gero, sai ta girma ta zubar da ƙwayarta kafin girbi, baɗi ta fito gyauro. Ba na raina ta, domin a ƙauyukan Nijar ta tsallakar da gidaje da yawa kafin sabon gero ya nuna. Amma in an bar ta ta yi bununi a gonar iri, ta shiga jinin irin ke nan.

Haka yake ga ingantaccen iri. Cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri da cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suna shafe shekaru kafin su fitar da iri guda, kamar sosat da manomanmu suka karɓa. Manomi ya shuka, shekara ta farko ya ji daɗi, bayan 'yan shekaru ya ce irin ya lalace, an cuce shi. Sau da yawa ba wanda ya cuce shi. Bununin gonakin kewaye ne ya shiga. Abin yana ci mini rai, domin da an yi masa bayani tun ranar da aka miƙa masa buhun, da ya san ya zaɓi zangarniyar iri daga tsakiyar gona, ya tuge shibra kafin ta fitar da bununi, ya kuma sabunta irinsa in ya ga ya gauraye.

Roƙona ga malaman makaranta nake yi. Yaranmu suna haddace sassan fure daga zanen littafi, sunayen kuma cikin harshen da iyayensu ba sa ji. A watan Agusta, ku fita da su gona da hantsi, ku gayyaci dattijon da ya fi kowa sanin gero a garin. Shi ya faɗi sunayen da ya gada, ku kuma ku bayyana aikin kowane sashe. Kowane yaro ya riƙe zangarniya ɗaya, ya nuna macen, ya nuna namijin, ya koma gida ya nuna wa mahaifinsa.