Takardar Shaidar Kwamfuta: A San Ta Gaske Kafin A Kashe Kuɗi

Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyaye da matasa, a Agege

 

Abin da ya sa kwamitin ilimi ya nemi a ba shi wannan lokaci shi ne tambayar da iyaye suka yawaita kawo mana. Yaro ya gama sakandare, bai sami shiga jami'a ba, ya ce kwamfuta yake so ya koya. Ina za a kai shi? Wace takarda ce za ta ba shi aiki? Nawa za a kashe? To, jama'a, a ba mu aron kunne, domin maganar ta shafi aljihun iyaye, ta kuma shafi makomar yara.

Kakanninmu goro da shanu suka kawo su ƙasar nan, kuma da su suka gina gidajen da muke ciki. Amma ba kowane yaro ne zai sami rumfa ya gada ba. Acaɓa da ta ɗauki samarinmu da yawa, kowa ya ga yadda gwamnatin Legas ta hana ta a 2020 a wasu yankuna, ta sake ƙarfafa dokar a 2022, har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu. Aikin gwamnati kuwa, an san takardar shaidar ɗan asalin jiha da ake nema. Yaron da aka haifa a nan, a nan a ce masa baƙo, can gida a ce ba a san shi ba. Jarrabawar da za mu yi magana a kanta ba ta tambayar garin uban kowa. In ka ci ka ci, in ka faɗi ka faɗi.

Abu na farko da muke so a gane shi ne takarda iri biyu ce. Akwai wadda makarantar koyon kwamfuta ta unguwa take bugawa da kanta bayan wata uku ko shida. Wannan shaida ce cewa yaro ya halarci aji, ba ta wuce nan ba. Ba mu ce makarantun ba su da amfani ba, domin a nan da yawa suka fara taɓa kwamfuta. Akwai kuma wadda kamfanonin da suka ƙera kayan, ko ƙungiyar masana'antar, suke bayarwa bayan an zauna jarrabawarsu a cibiyar da suka amince da ita, irin cibiyoyin Pearson VUE da ake da su a nan Legas. Wannan ta biyun ita ce mai ɗaukar ma'aikaci zai iya shiga intanet ya tabbatar da ingancinta. Saboda haka duk wanda ya ce zai ba ɗanka takardar Cisco ko ta Microsoft ba tare da jarrabawar kamfanin ba, ka riƙe kuɗinka.

Yanzu bari mu kawo manyan ƙofofi uku da mai farawa zai iya shiga.

Ta farko ita ce CompTIA A+. Wata ƙungiya ce a Amurka ta fara ba da ita tun 1993, kuma ba ta ta'allaƙa da kayan kamfani ɗaya ba. Jarrabawa biyu ake yi kafin a samu, kowace minti 90. Ɗaya ta fi karkata ga jikin kwamfuta da waya da firinta da yadda ake haɗa su. Ɗayar kuma ga manhajar da ke tafiyar da na'ura, da tsaro, da yadda ake gano matsala a warware ta. Mai wannan takarda shi ne wanda ake kira a ofis ko banki ko asibiti in kwamfuta ta ƙi tashi. Yaranmu da ke gyaran waya a kasuwar Computer Village ta Ikeja sun riga sun san sashe mai yawa na wannan aiki da hannunsu. Abin da ya rage musu shi ne karatun da takardar.

Ta biyu ita ce CCNA ta kamfanin Cisco, wadda aka fara a 1998. Wannan ta masu haɗa kwamfutoci ce su riƙa magana da juna, daga ofis zuwa ofis, daga reshe zuwa hedikwata. Bankuna da kamfanonin waya da masu raba intanet duk suna buƙatar irin waɗannan ma'aikata. A da rassa ne da ita barkatai, amma tun 2020 aka dunƙule su jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301, ta awa biyu. Ta fi A+ wuya, kuma akwai lissafi a ciki, na raba lambobin adireshin kwamfutoci. Wani sauƙi da aka samu shi ne Cisco na da makarantarsa ta intanet tun 1997, inda ake ba da wata manhaja kyauta mai suna Packet Tracer. Da ita yaro zai haɗa na'urori a fuskar kwamfutarsa, ya gwada, ya ɓata, ya gyara, ba tare da ya sayi ko ɗaya ba.

Ta uku ita ce ta abin da suke kira girgije, wato kamfani ya yi hayar manyan kwamfutocin Amazon ko Microsoft ko Google ta intanet maimakon ya ajiye nasa. Amazon na da jarrabawar masu farawa, AWS Cloud Practitioner, Microsoft kuma na da AZ-900. Sun fi sauƙi, sun fi araha. Amma gaskiya ita ce su kaɗai ba kasafai suke kawo aiki ba. Matakala ce zuwa na gaba.

Tsaron kwamfuta, wanda samari ke ta ɗoki a kansa, muna ba da shawara a jinkirta shi. Wanda bai san yadda aka gina gida ba, ta yaya zai san inda ɓarawo zai shigo? A fara da A+ ko CCNA, sannan a nemi irin su Security+.

Sai maganar kuɗi, wadda muka san ita iyaye ke jira. Da dala ake biyan waɗannan jarrabawa. CCNA dala 300 ce, ta Amazon ta masu farawa dala 100. 'Yan'uwanmu 'yan canji da ke zaune a nan sun fi mu sanin abin da wannan ke nufi tun da aka saki naira a 2023. Kuma in yaro ya faɗi, kuɗin sun tafi, sai an sake biya. Don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a biya kuɗin jarrabawa sai yaro ya yi watanni yana karatu, ya kuma riƙa cin jarrabawar gwaji sau da dama a jere. A kuma duba cewa sunan da aka yi rajista da shi ya yi daidai da na katin shaida, harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Muhammadu a nan, Mohammed a can, wannan kaɗai na iya sa a hana yaro shiga ɗakin jarrabawa.

A sani kuma cewa waɗannan takardu ba irin ta WAEC ba ce da ake riƙewa har abada. A+ da CCNA da ta Amazon duk shekara uku suke yi, sai a sabunta. Wasu ma kamfanin ne ke soke su baki ɗaya, kamar yadda Microsoft ya daina ba da MCSE da MCSA a farkon 2021, bayan sun daɗe ana ji da su. In makaranta ta ce za ta shirya ɗanka ga ɗaya daga cikin waɗannan biyun, ka san kwantai take sayarwa.

Gare ku samari da 'yan mata, akwai masu sayar da tambayoyin jarrabawa na sata a intanet, a haddace a je a zuba. Ku nisance su. Na ɗaya, in kamfanin ya gano zai soke takardar, zai iya hana mutum sake zama. Na biyu, ranar ganawar ɗaukar aiki na'ura za a ajiye a gabanka a ce gyara, kuma a nan ne asiri ke tonuwa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sannan ku gyara Turancinku, domin da shi ake jarrabawar, tambayoyin kuma dogaye ne, lokaci kuma ƙayyadadde.

Takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da aikin hannu. A sayi tsohuwar kwamfuta a kwance ta a ɗaura. A nemi shagon da za a zauna ƙarƙashin maigida, ko ba albashi, kamar yadda iyayenmu suka koyi fataucin goro. Makarantun unguwarmu da shagunanmu duk suna da kwamfutocin da ke neman mai kula da su. A kuma sa ido kan shirye-shiryen horarwa na gwamnati, irin na hukumar NITDA da shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan uku. In an buɗe rajista a cika, kada a ce na wasu ne.

Iyayenmu, kada a ware 'ya'ya mata daga wannan. Karatun da yawansa a gida ake yinsa, kuma akwai ayyukan da ake yi daga ɗaki in da kwamfuta da intanet.

A ƙarshe, kwamiti na roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a ba mu ɗaki guda da tsofaffin kwamfutoci da wutar da za a dogara da ita, inda yara za su riƙa gwaji. Na biyu, a kafa asusun da zai biya wa yaron da ya nuna ya shirya kuɗin jarrabawa, in ya sami aiki ya mayar domin na baya. Na uku, 'ya'yanmu da suka riga suka shiga wannan fage su ba mu yammacin Asabar ɗaya a wata, su zauna da ƙannensu. Iyaye kuma, kafin ku biya wata makaranta ko kwabo, ku kawo mana takardarta mu duba tare. Tambaya ba ta ɓata komai.